Asabar a Gaɓar Narva

Daga tagar ajina ana hango ƙasarsu.
Kogi ne kawai tsakani.
Ranar Laraba Taavi ya ɗaga hannu:
"Malama Virve, su nawa ne?"
Na ce, ɗauki mutum ɗaya namu, ka jera ɗari nasu.
Ya fara lissafi da yatsu,
yatsun suka ƙare.

Mahaifina Endel cewa yake a yi shiru.
Shi ya san tarago: yana ɗan shekara shida
aka kulle su ciki, shi da uwarsa da buhun dankali,
aka yi gabas da su kwana goma sha tara.
"Ciyawa," in ji shi, "ba ta gardama da kofato.
Kwantawa take, ya wuce, ta miƙe."
Na ce, Baba, uwarka ta miƙe?
Bai tanka ba. Ya ci gaba da yanka baƙin burodi
siriri-siriri, kamar har yau ana rabo da awo.

Ƙanena Raivo kuwa manyan kaya yake so,
tankoki, jirage, ƙarfe bisa ƙarfe.
Na ce masa, mai gasar ƙiba da giwa
cikinsa ne zai fashe.

Shi ya sa ran Asabar nake ajiye alli,
in zura takalmin roba, in shiga fadama.
Mu goma sha ɗaya ne:
likitan haƙori, direban bas, mata biyu masu kifi,
da Leelo, wadda ke ɗaure rauni ido rufe
tana yi mana tsiya.
Muna koyon inda laka ke haɗiye taya,
inda ƙanƙara ke ƙarya in sanyi ya fara janyewa,
da gadar da za mu karya da hannunmu
mu yi kukanta daga baya.
Bindigar ta fi yatsuna sanyi.
Ban so ta ba, ban kuma yi alkawarin so ba.

Bushiya ba ta taɓa kashe kyarkeci ba.
Abu ɗaya ta iya:
ta sa ya tsaya, ya shinshina, ya tuna da leɓensa,
ya ce, yau dai yunwar ba ta kai can ba.

Abokai? Akwai su, da takarda da sa hannu.
Amma mai kawo ɗauki daga nesa
so yake ya tarar da ƙofa a tsaye.
Mun ga gemun wasu ya kama da wuta,
ruwan da muka shafa wa namu
shi ne batir a ɗakin ƙasa, kyandir, gishiri,
da sanin wace tsohuwa ce a layinmu
ba ta iya sauka bene ita kaɗai.

Ga abin da ba na faɗa wa Raivo:
yawancin ajina da harshen tsallake suke mafarki.
Ranar da na bar Timofei ya ji shi bare ne a nan,
na buɗe ƙofar da ba sojan da zai iya tsare ta.
Don haka shi ke riƙe mini taswira,
shi ke nuna kogin da sanda ya ce, "Ga namu."

Jiya Taavi ya dawo da tambayarsa:
"To za mu ci su?"
Na ce a'a.
Ƙayar kifi ba ta cin mutum,
amma wanda ta taɓa maƙale wa a wuya
yana duba lomarsa.

Yau da asuba, ina ɗaure igiyar jaka,
Baba ya fito da safarsa ta ulu, ya ajiye a tebur.
Bai ce kome ba.
Ya jawo wuƙa ya yanka mini burodi,
mai kauri.